Dokta Barth (Abdulkarim): Baƙon da Ya Ga Gumel Sau Biyu

Gabatarwa

A kowace shekara mukan keɓe 'yan shafuka a cikin wannan littafi namu na ƙarshen shekara domin tarihin wani mutum da ya daɗe da barin duniya, wanda za mu iya koyon wani abu daga rayuwarsa. Bana mun zaɓi wani Bajamushe mai suna Dokta Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da sunan Abdulkarim. Wataƙila wani ɗalibi ya tambaya, me ya haɗa mu da shi? Abin da ya haɗa mu shi ne, mutumin nan ya taka ƙasar Gumel har sau biyu, a 1851 da kuma 1854, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani. Shekaru da dama bayan haka, yawancin waɗanda suka san sunan Gumel a Turai daga littafinsa suka san shi. Wanda bai taɓa zuwa wuri ba, da idon matafiyi yake ganin wurin. In matafiyin ya yi adalci, an ga mutane yadda suke. In ya yi son zuciya, an ɗora musu abin da ba nasu ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ran 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda ya tashi cikin rashi, saboda haka ya ƙudurta cewa ɗansa sai ya yi ilimi. Yaron ya tashi da son littattafai da harsuna, ba shi da yawan abokai, ba shi da yawan wasa. Ya shiga Jami'ar Barlin, inda ya karanta tarihi da labarin ƙasa da harsunan dā, ya sami digirin dokta a 1844. Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, ya bi ta Arewacin Afirka har Masar da Sham, yana ƙara gogewa da Larabci. A cikin wannan tafiya 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya. Wannan bai sa ya yi sanyin gwiwa ba.

Ya kamata mu san irin tunanin da ake yi game da mu a Turai a wancan zamani. A jami'ar nan da Barth ya yi karatu, wani shahararren malamin falsafa mai suna Hegel ya riga ya koyar da cewa baƙar fatar Afirka ba su da wani tarihi da za a ambata. Malamin bai taɓa zuwa Afirka ba. Daga labaran matafiya ya gina ra'ayinsa, ɗalibai kuma suka ɗauka suka yaɗa.

Ƙetare hamada

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya aika wata tawaga zuwa ƙasashen da ke kudu da hamada, ƙarƙashin James Richardson, mutumin da ke ƙyamar cinikin bayi. Manufarsu ita ce ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma sanin hanyoyi. Aka ɗauki Jamusawa biyu, wato Barth da wani saurayi masanin duwatsu mai suna Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850. Barth ya zaɓi a riƙa kiransa Abdulkarim, don sunan ya fi sauƙi a bakin mutanen da zai zauna da su.

Tun ba a je ko'ina ba ya kusa hallaka. Kusa da Ghat ya hau wani dutse shi kaɗai, ko da yake Buzaye sun gargaɗe shi, ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa saboda ƙishirwa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya ceto shi. Daga nan suka shiga Azbin, ya ziyarci Agadas a watan Oktoba. Tun a kan raƙumi ya dukufa koyon Hausa daga bakin abokan tafiya, yana tambaya yana rubutawa. Kafin ya iso ƙasar Hausa ya riga ya iya gaisuwa da ciniki da hira ba tare da tafinta ba.

A watan Janairu na 1851 su ukun suka rabu a Damargu, da alkawarin za su haɗu a Kukawa, babban birnin Barno. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, ga zazzaɓi ga bashi. Duk da haka ya hau Dutsen Dala ya zana taswirar birnin, ya zagaya kasuwa da marina. Ya ƙiyasta mazauna Kano sun kai 30,000, a lokacin hada-hadar fatake kuwa sukan ninka. Ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma yaba da cewa a cikin gidajensu mutane suke wannan sana'a tare da iyalinsu, ba kamar ma'aikatan masaƙun Turai da ke shan wahala ba. Bai kuma ɓoye kasuwar bayi da ya gani ba.

Zuwansa Gumel na farko

Ya bar Kano ran 9 ga Maris, ya bi ta Garki, ya ƙetare iyakar Kano da Barno, ya iso Gumel a tsakiyar watan. A lokacin tsohon sarki Ɗan Tanoma ne a kan gado, kuma kamar yadda muka sani, ƙasar Gumel ta Mangawa ba ta shiga hannun masu jihadi ba, tana tare da Barno. Barth ya tarar da gari cike da jama'a. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne kasuwar kanwa. Ya rubuta cewa Gumel ce babbar matattarar wannan ciniki: Barebari su kawo kanwa daga wajen Kukawa da Muniyo su sauke a nan, wasu fatake kuma su ɗauka su nausa da ita har ƙasar Nufe. Ya ƙiyasta kayan kanwar da ya gani a kasuwar sun kai 1,000, ya kuma rubuta farashi: kayan takarkari na mai kyau wuri 5,000, kayan jaki na mai araha wuri 500.

A Gumel ne kuma wani Balarabe ya miƙa masa ƙunshin wasiƙu daga Turai, bayan ya yi watanni bai ji daga gida ba. A cikin ƙunshin akwai dala biyu ta azurfa. A Kano ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500, ke nan dukiyar da ta faranta wa wakilin gwamnatin Ingila rai a ranar ba ta wuce kuɗin kayan takarkari ɗaya na kanwa ba. Wannan yana nuna mana matsayinsa a lokacin. Ba mai mulki ba ne. Baƙo ne matalauci wanda ke rayuwa da alherin masu masaukinsa, kuma wannan ya taimaka masa ya dubi mutane da idon girmamawa.

Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga yadda mutanen Nijar da na kudu ke cuɗanya a kan dabbobi, zai gane cewa abin da Barth ya gani bai mutu ba. Tun dā ƙasarmu mahaɗa ce.

Barno, Sakkwato da Tambutu

Yana kan hanyar Kukawa ya sami labarin mutuwar Richardson. Ya isa birnin ran 2 ga Afrilu, Shehu Umar ya karɓe shi. A can ya sami rubutattun tarihin sarakunan Barno, ya kwafa ya aika Turai. A watan Yuni ya isa kogin Binuwai, ya shiga Yola. A ƙarshen shekarar ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, a arewacin Kamaru ta yau, inda aka kai harin kamun bayi. Ya ga an ƙone garuruwa, ya kuma rubuta cewa a wuri ɗaya an kashe maza 170. Daga baya wasu a Ingila suka zarge shi saboda bin wannan runduna. Shi kuwa hujjarsa ita ce, in bai gani da idonsa ba, ba zai iya ba da shaida ba.

Overweg ya mutu a watan Satumba na 1852 kusa da Tafkin Chadi. Barth ya rage shi kaɗai, amma maimakon ya juya gida sai ya fuskanci yamma. Ya bi ta Damagaram da Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna a Wurno da Sakkwato yana karanta rubuce-rubucen Muhammadu Bello. A Gwandu aka ba shi aron littafin Tarikh al-Sudan, wanda ke ɗauke da tarihin daular Songhai, ya kwana ya wuni yana kwafe sassansa. Ya yi kuskure wajen sunan marubucin, ya ce Ahmad Baba ne, alhali al-Sa'di ne. Amma ta hannunsa masana a Turai suka tabbatar cewa baƙar fata sun rubuta tarihin daulolinsu da kansu.

Akwai wani abu da bai kamata mu ɓoye ba. Da ya kusa Tambutu, tsoron kisa ya sa ya ɓoye addininsa, ya ce shi sharifi ne daga gabas mai kai wa Shehu littattafai. Ya shiga birnin ran 7 ga Satumba, 1853, ba da daɗewa ba asirinsa ya tonu. Masu mulki daga Masina suka nemi a ba da shi. Wani babban malamin Musulunci, Shehu Ahmad al-Bakkay, shi ya tsaya masa, ya sa kansa cikin haɗari domin baƙon da ya san Kirista ne. Suka yi watanni suna tattaunawa a kan addini da ilimi, ba wanda ya bar imaninsa, ba kuma wanda ya raina ɗan'uwansa. Ƙaryar da ya yi ba ta kāre shi ba. Amanar wannan malami ce ta kāre shi, da ikon Allah. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi a kasuwa da gona da unguwa, akwai abin lura a nan.

Zuwansa Gumel na biyu

Ya bar Tambutu a watan Mayu na 1854, ya dawo ta Sakkwato zuwa Kano. A lokacin an riga an baza labarin mutuwarsa a Turai. A ƙarshen Nuwamba ya sake biyowa ta Gumel, amma garin da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Ɗan Tanoma ya rasu, rikicin gadon sarauta ya tashi, yaƙi ya ci garin, wurare sun zama kufai, hada-hada ta kwanta. Wannan ma ya rubuta shi.

To, a nan muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Da a ce a 1854 kaɗai Barth ya zo, da abin da duniya za ta karanta game da Gumel shi ne kango da yaƙi, mai karatu a Landan kuma ya ce haka mutanen nan suke tun fil azal. Da a ce a 1851 kaɗai ya zo, da ba a san cewa rikicin sarauta na iya rusa arzikin gari cikin shekara uku ba. Gari ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma hoto biyu. Matafiyi kwana kaɗan yake yi a wuri, rubutunsa kuwa yakan yi shekara ɗari ana karantawa kamar shi ne dukan gaskiya. Yawancin garuruwan da matafiya suka ba da labarinsu, sau ɗaya aka gan su, wasu a ranar kasuwa, wasu a ranar makoki.

Komawa gida

Kwanaki kaɗan bayan ya bar Gumel, ran 1 ga Disamba, ya yi kiciɓis a daji kusa da Bundi da Eduard Vogel, wanda aka aiko daga Turai don ya tallafa wa tawagar. Ya ƙetare hamada, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta na 1855, ya sauka Landan a watan Satumba, bayan shekara biyar da rabi da tafiyar da ta haura mil 10,000.

Ya buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, shafi wajen 3,500. A ciki akwai sunayen garuruwa da rijiyoyi, da farashin gero, da jerin sarakuna, da kalmomin harsuna. Masana suka yaba, aka ba shi lambobin girma, amma jama'a ba su saya sosai ba, suka ce ya yi tsawo ya yi nauyi. A shekarar 1857 ɗin littafin David Livingstone ya fito, aka sayar da wajen 70,000. A 1878 kuma H. M. Stanley ya fitar da nasa, wanda tun daga sunansa ya kira Afirka nahiya mai duhu, wannan suna kuwa ya bi mu. Hoton Afirka mai birane da alƙalai da malamai da marina ya zauna a kan kanta, hoton daji da duhu ya shiga gidaje da makarantu. Da lokacin rabon Afirka ya zo, wannan hoto na biyu ya sauƙaƙa wa Turawa su gaya wa kansu cewa taimako suka zo yi. Hafsoshinsu kuwa sun amfana da taswirori da bayanan matafiya irin su Barth. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, aka ja iyakar da ta ratsa arewa da Maigatari.

Barth bai ga wannan ba. Ya koma Barlin yana koyarwa, yana aikin tattara kalmomin harsunan Afirka, bai yi aure ba. Ya rasu ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44. Sai wajen lokacin samun 'yancin kai, da aka shiga rubuta tarihin Afirka sabo, masana suka koma ga littattafansa, aka sake buga su a 1965.

Yaron da ya rama kallo

Tarihin Barth ba zai cika ba sai da Dorugu. Shi yaro ne Bahaushe daga Dambanas a ƙasar Damagaram, wanda aka kama aka sayar yana ƙarami. Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Bayan mutuwar Overweg suka bi Barth har Tambutu, suka biyo tare da shi ta Gumel a 1854, suka tafi da shi Ingila da Jamus. A Ingila suka zauna wurin Rabaran J. F. Schön na mishan ɗin C.M.S., aka yi musu baftisma. Dorugu ya taimaka wa Schön wajen nahawun Hausa na 1862 da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki, tun kafin cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932. Ya kuma ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885.

A cikin labarin nan Bature ne ya zama abin kallo. Dorugu ya bayyana jirgin ruwa da jirgin ƙasa da yadda Turawa ke zaman cin abinci, kamar yadda Barth ya bayyana kasuwarmu. Abin da Bature ya ɗauka daidai ne, ga yaron nan abin mamaki ne. Ya dawo gida a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Abin da muka koya

A Littafin Ƙidaya sura 13 da 14 mun karanta yadda Musa ya aiki mutum 12 su dubo ƙasar Kan'ana. Ƙasa ɗaya suka gani, amma rahoton goma daga cikinsu ya karya zuciyar jama'a, aka yi shekara 40 a jeji. Rahoton matafiyi ba ƙaramin abu ba ne. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ta shafi mai alƙalami kamar yadda ta shafi mai tsayawa gaban alƙali.

Barth ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai da saurin zargi, kuma ya fi zama da sarakuna da malamai da fatake. Mata a cikin gida, da manoma a ƙauye, da Maguzawa, kakannin wasu daga cikinmu, bai zauna da su kamar yadda ya zauna da manya ba. Amma ya yi abu uku da suka ɗaga shi sama da tsararrakinsa: ya koyi harshen mutane, ya karanta abin da suka rubuta game da kansu, ya kuma faɗi mai daɗi da marar daɗi.

Ga 'yan aji shida masu fita bana, wasunku za su tafi Jos ko Legas ko Inugu karatu, daga baya kuma bautar ƙasa ta kai ku inda ba ku taɓa zato ba. Duk abin da kuka dawo kuka faɗa a gida, ko kuka sa a waya, da shi iyayenku da ƙannenku za su auna mutanen can. Kada ku yanke wa gari hukunci da abin da kuka gani rana ɗaya. Mu da muka rage kuma, tsofaffi suna nan a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar waɗanda suka ji labarin fatauci daga bakin iyayensu. Mu ɗauki littafi da biro a wannan hutu mu je mu zauna da su, tun suna raye. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma bai kamata kullum sai baƙo ne zai ba da labarinmu ba.

Ubangiji ya ba mu idon gani da harshen gaskiya. Amin.